Tsakuwar Malam Mato

Enoch ya sake tarar da maƙwabcinsa Malam Mato a bakin taga, hannu dafe da kwiɓi, yana leƙen titi. Manyan motoci sai shigowa Garki suke daga Legas, ɗauke da katifu da kujerun ma'aikata. Gwamnati ta taso zuwa sabon babban birni, kowa yana biye da ita.

"Oga, ba likita ya ce ka kwanta ba?"

"Na kwanta. Gadon ne ya gaji da ni."

Tiyata aka yi wa Malam Mato, aka ciro masa tsakuwa daga ƙoda. Likita ya ba shi ita a 'yar kwalba, ya ce ya riƙa shan ruwa sosai, ya kuma koma a cire robar da aka bari a cikinsa. Ruwan dai Enoch ke hauro masa da shi, don famfo ba ya kai bene. Komawar ce ya ƙi.

Masu rabon gidaje suna zagaye. Duk ƙofar da suka samu a kulle sai su ce babu kowa, su ɓalle kwaɗo, su ba wani gidan. Haka aka yi wa mutumin da ke ƙasan benen da ya je biki Kuje. Hasana, matar Malam Mato, tana Legas da yara suna jiran mota, shi kuwa ya rantse ba za su sauke kaya a titi ba.

Enoch ya ce zai zauna masa a gidan. Malam Mato ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce wa zai ji wannan karyayyiyar Hausa ya yarda Mato ne? Enoch ya ce ai shi ɗan asalin wurin ne, gonar kakansa suke rabawa, ba wanda ya isa ya tashe shi.

Zazzaɓi ya shigo. Fitsari ya koma ja. Malam Mato bai daina safa da marwa ba, daga taga zuwa ƙofa, har ranar da ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Ana saukowa da shi ya damƙi rigar Enoch.

"Kar ka kulle. Bar rediyo a kunne."

Washegari ya rasu a asibiti. Abokan aikinsa suka binne shi kafin la'asar, aka aika saƙo Legas.

Enoch ya tare a gidan. Ya shanya babbar rigar mamacin a baranda, ya ƙara muryar rediyo. Masu rabo suka zo, suka ɗaga kai, suka wuce.

Saƙon da motar su Hasana sun yi saɓani a hanya. Da hantsi ta tsaya a ƙasa. Wata mata ta sauko, ta hango rigar, ta nuna wa yara, suka ruga suna rige-rigen hawa bene.

Enoch ya miƙe, ya kashe rediyo. Kwalbar tana kan taga, rana tana ratsa ta, tsakuwar ba ta kai ƙwayar wake ba.