Bakina a Cikin Takalma

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma na san abin da ya jawo shi. Barci ya ɗauke ni ina karanta yadda Amurkawa suka kulle kansu a wani zaure a Filadelfiya, tagogi a rufe cikin zafi, suka rubuta tsarin mulkinsu. Ina shirin taron ƙungiyar ci gaban unguwarmu ne na yau, inda na yi rantsuwa sai na tambayi shugaba, Alhaji Tanimu, me ya sa rijiyar burtsatsenmu ta mutu tun ina sakandare, kujerarsa kuwa ko mura ba ta taɓa yi ba.

Sai ga ni a Filadelfiya. Garin kamar bayan kasuwarmu yake, sai dai ruwan sama daga ƙasa yake tashi. Mata suna ta bin sa da bokitai a kife. Inna Kuluwa mai ƙosai ta wuce ni tana haki.

"Inna, an samu?"

"Ina fa, ɗan nan. Amma an ce manya suna zama a kai."

A ƙofar zauren wata akuya mai tabarau ce take tantance masu shiga. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Yaro ne. Kashi uku cikin biyar za a ƙirga."

Na ce, "Ai bayi aka yi wa wannan ƙa'idar, kuma an soke ta tuntuni."

"A littafinka aka soke. Hannu da ƙafa da gadon baya su shiga, akwai bencin ɗauka. Baki da ƙwaƙwalwa a ajiye wajen takalma."

Na cire na ajiye.

A ciki, matasa ne cike da bayan zaure, an ƙirga su don taro ya cika. A gaba kuwa wani bunsuru ne sanye da hular Alhaji Tanimu, ga kujeru uku: ta majalisa, ta zartarwa, da ta kotu. Ya hau ta farko ya kawo doka. Ya tsallaka ta biyu ya dangwala kofato. Ya koma ta uku, ya yi dogon nazari, ya yanke hukunci cewa biyun farko sun yi daidai. Aka yi tafi.

Wata tunkiya ta raɗa mini, "Ka ga raba iko. Kowace kujera tana sa ido a kan 'yar'uwarta."

Na yi mata nuni da hannu, ina tsarin mulkin?

"Ya cinye shi don kada ya ɓata. Mai son gyara sai ya jira lokacin tuƙa."

Zufa ta ishe ni. Na sulale na koma wajen takalma. Bakunan matasa ne tuli guda, wasu har gizo-gizo ya yi musu saƙa. Na gane na abokina Haladu, wanda ya fi ni digiri, yana minshari cikin wani silifas. Na taɓa shi.

"Haba Nafi'u, ka ƙyale mu mana," in ji bakin. "Nan akwai inuwa. Kuma kakanka da kakan Alhaji tare aka yi musu kaciya."

"Uwarka fa tana bin ruwa da bokiti a kife!"

"To, Allah ya kawo sauƙi." Ya koma barci.

Na ɗauki nawa, na kakkaɓe, na mayar, na shiga. Na tsaya tsakiyar zaure.

"Ranka ya daɗe, ina da magana a kan rijiya da kuma wa'adin..."

Bunsurun bai yi fushi ba. Murmushi ya yi, ya ɗaga kofatansa biyu sama.

"Madalla da yaro mai ilimi. Lokaci ya ƙure. A yi addu'a a tashi."

Wa zai ci gaba da magana an ɗaga hannu? Masu baki suka amsa amin, duk zauren ya shafa. Duk wanda ya shafa, sai fuskarsa ta goge sumul kamar bayan ƙwarya. Na ga hannayena su ma suna tasowa da kansu, ina danne su da gwiwa, suna tasowa.

Ƙarar jan benci a kan siminti ce ta tashe ni. Kawu Ɗanlami ne a tsakar gida.

"Nafi'u! Fito ka kama mini, taro ya kusa."

Na shafa bakina, yana nan. Na fito na kama gefe ɗaya na ce, "Kawu, yau fa sai na gama maganata kafin a shafa."

Ya ajiye nasa gefen a hankali, ya dube ni, ya ɗaga hannaye biyu sama.

Ban saki bencin ba.