Ranar da Faranti Ya Tashi

Ranar da za su bar gonarsu ta Nebraska, a Amurka, su koma gari, Ludmila ta shiga ɗakin ajiyar ciyawa ta tarar da mijinta, Vaclav Sedlak, tsaye yana kallon fiffiken jirginsu da ke rataye a rufi. Shekara arba'in ke nan yana wurin.

Vaclav maƙeri ne. A 1912 ya kafe a kan cewa dogon fiffike ne ke kifar da jirgi, don haka ya ƙera nasa zagayayye kamar faifai, da rami a tsakiya inda matuƙi zai zauna. Ludmila ce ta ɗinka yadin da aka lulluɓe shi da shi, wata biyu tana fama har yatsunta suka yi kanta. Maƙwabta suka sa wa jirgin suna Faranti. In an fito daga coci sai su ce, "Sedlak, yaushe za a zuba mana miya a ciki?"

Sau uku Vaclav yana hawa, jirgin ya yi ta gudu a makiyaya kamar agwagwa, ya ƙi ɗagawa. Ludmila ta ce, "Fiffike ba shi da laifi, tumbinka ne. Sauko."

Ta ɗaure bakin siket ɗinta da igiya ta hau. Jirgin ya zabura, yana jijjiga ta, can sai jijjigar ta ɗauke. Ta leƙa ta ga gadon bayan shanunsu daga sama, ta ga wankinta a kan igiya ya zama ƙanana. Ta tsallake shinge ta faɗa gonar kabewar maƙwabcinsu. Ƙafar jirgin ta karye, ita ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Ba su sake gwadawa ba. Da lokacin kaka ya zo Ludmila ta samu ciki, injin kuma aka mai da shi na jan ruwan rijiya.

"Tsohuwa, ranar fa kin kai tsayin bishiyar bakin rafi," in ji Vaclav, idonsa na kan fiffiken da ke rufi, bai juyo ba.

"Ko rabinta ban kai ba. Kowace shekara sai ka ƙara mini kamu biyu."

"Ni da na bi ki a guje ina hawaye ai na fi ki sani."

Ludmila ta dube shi. Bai taɓa gaya mata ya yi kuka ba.

Fiffiken ya fi ƙarfin motar kaya, suka bar wa sabon mai gonar, ya yi alkawari ba zai sauke shi ba. A hanya ta sa Vaclav ya ba ta labarin ranar tun daga farko, yadda ya gan ta daga ƙasa.