Tsumman Kafaɗar Dauda

Shekara arba'in Dauda yana fawa a Garoua da tsumma a kafaɗa. Da shi yake goge wuƙa, da katakon nama, da gumi. Bai taɓa ganin laifinsa ba.

Madafin gidan na Saudatu ne, matar ɗansa Kamilu. Tsummokaranta uku, kowanne da ƙusarsa: na tukunya, na hannu, da fari na kofin Nasiha, 'yarta mai shekara biyu. Kullum sai ta tafasa su da sabulu ta shanya a rana. Dauda ya ce iyayi ne kawai.

Ran Talata da azahar ya dawo daga mayanka, ya tarar kofin Nasiha ya faɗi a ƙasa, tana kuka. Ya ɗauka, ya goge cikinsa da tsumman kafaɗarsa, ya zuba mata ruwa ta sha. Ba wanda ya gani.

Washegari yarinya ta tashi da amai da gudawa. Kafin la'asar idonta ya faɗa, ko kuka ba ta iyawa. Aka ɗauke ta a babur sai asibitin unguwa. Dauda ya bi su. Shi da ya kayar da bijimai ba iyaka, ya kasa duban fuskar jikarsa.

Likita Blaise ya sa mata ruwa a jijiya. Ya tambaya me ta ci, me ya taɓa kofinta, ya ce amsar za ta taimaka masa wajen zaɓen magani. Saudatu ta faɗi komai tana hawaye. Kamilu ya ce ƙarya ne, ƙazantarta ce, in yarinyar ta mutu kada ta sake taka masa gida.

Dauda na jingine da bango, ƙuda na bin kafaɗarsa. Ya dubi ɗan hannun da allura ke ciki.

"Kamilu, yi mana shiru," in ji shi. "Ni ne."

Ya sauke tsumman ya nuna. Blaise ya ja da baya, ya tambaya me aka goge da shi ranar. Dauda ya ce kayan cikin saniya. Likita ya aika a kawo wani magani.

Kwana biyu Dauda bai je mayanka ba. Yana ƙarƙashin darbejiyar asibiti. Duk matar da ta yi kuka a ciki, sai ya miƙe zumbur. Ran Juma'a Nasiha ta buɗe ido ta nemi ruwa.

Da aka sallame su, Dauda ya tsaya a ƙofar madafi, inda bai taɓa takawa ba, tsumman a hannunsa. Saudatu ta durƙusa.

"A wace tukunya kike tafasa tsummokanki?" in ji shi.

Ba ta ɗaga kai ba. "Baba, wannan ya wuce tafasawa."

Ya dube ta, ya dubi Nasiha a bayanta. Ya cusa tsumman a murhu, ya tsaya har ya zama toka.