Kunnen Stamatis da Igwar Gwaggo

Sunanta na gwamnati Anemosa, haka aka rubuta a jikinta da farin fenti, amma daga tashar Fireyas har ƙananan tsibiran kudu ba mai kiranta sai Gwaggo. Matsakaicin jirgin ruwan yaƙi ce, irin waɗanda suka yi rakiyar jiragen kaya lokacin babban yaƙi. Da aka ajiye makamai sai aka miƙa wa sojan ruwan Girka ita da tsatsarta da komai, kamar yadda ake ba ƙane rigar da ta yi wa yayansa kaɗan. Tun daga nan ba aikin da ba a sa ta ba. Ta share nakiyoyi daga mashigai, ta yi jigilar barguna da gari shekarar da ƙasa ta girgiza, ta kai malaman makaranta tsibiran da ba mai son zuwa. An taɓa haihuwa a ɗakin kyaftin, an taɓa ɗaure jakin likita a jikin igwa. Mutanen manyan jirage suna yi mata dariya a sansanin Salamis. Su yi ta yi, su dai ba wanda ya taɓa sa wa 'yarsa sunan jirginsu.

Stamatis Kalafatis, mai kula da igwar gaba, yana cikinta tun ranar da aka karɓe ta. Ba mata, ba ɗa, gidan iyayensa yaƙi ya cinye, don haka Gwaggo ce gida. Damuwarsa ɗaya ce, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba: kunnensa ya tafi. Na dama ya mutu murus, na hagu sai an kwatsa masa tsawa. Doka kuwa a fili take, wanda ba ya ji ba ya zama a jirgi. Za a sauke shi, a ba shi kujera a sito yana gadin igiyoyi, Gwaggo ta tashi ta bar shi a gaɓa. In ya tuna haka ko zaitun ba ya wuce masa.

Saboda haka ya koyi duban leɓen mutane, ya koyi gyaɗa kai da fuskar mai nazari, in ya ga an yi dariya shi ma ya yi. A ganinsa ya ɓoye abin sarai. Sai ga shi bana an kawo musu sabon mataimakin kyaftin, Laftanan Vlasis, matashi mai gogaggen wando, wanda ko maɓalli ya karkace sai ya gani.

Duk shekara, ranar idin Waliyyi Nikolas, Gwaggo takan je tsibirin Kalimeri. Cocin yana can kan tudu bayan gidaje, daga tasha hasumiyarsa kaɗai ake hangowa. Da an fito da hoton waliyyi bakin ƙofa sai a kaɗa babbar ƙararrawa, igwar Gwaggo ta amsa tun amon bai mutu ba. In ta yi jinkiri, tsofaffin garin za su ce bana kifi zai yi ƙaranci, kuma a gaban kyaftin za su faɗa. Stamatis bai taɓa makara ba, sirrinsa kuwa tantabaru ne. Sun cika hasumiyar fal, da ƙararrawa ta motsa sai su tashi gaba ɗaya, shi kuma ya ja igiyar harba igwa.

Jajibirin idi da rana, Argiris kuku ya ajiye masa kwano a gaba. Shekaru suna tare, kullum cikin tsiya.

"Ci, tsoho, yau ba wake ba ne," in ji Argiris, yana kallonsa ido cikin ido. "Shinkafa da nama. Ka yi wa sabon fada, limamin cocin nan, addu'a."

"Naman me ne wannan, ƙanana haka? Ɓerayen kicin ɗinka ka yanka mana?"

"Tantabarun coci ne. Fada ya ce sun gama ɓata masa hula, ya sa an kame su, aka toshe hasumiya da waya. Matan gari suka raba, mu ma aka aiko mana namu."

Stamatis ya dubi ƙashin da ke cikin cokalinsa. "Duka?"

"Ko gashi ba a bari ba. Me ya faru? Gishiri ne bai ji ba?"

"Ya ji," in ji Stamatis, ya ture kwanon.

Ya fita doron jirgi ya yi ta kallon hasumiya, ko Allah zai sa wata ta tsira. Ba ko ɗaya. Ya yi tunanin ya ce wa Argiris ya ɗaga masa hannu gobe, amma faɗar hakan daidai take da faɗar komai, bakin Argiris kuwa ba ya riƙe ko ruwa. Ya yi tunanin ciwon ciki na ƙarya, sai ya tuna wani ne zai taɓa igwarsa. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba ko lokacin nakiyoyi.

Gari ya waye da iska mai sanyi. Kwale-kwalen masunta suka kewaye Gwaggo, an yi musu ado da ganye. Laftanan Vlasis ya jera ma'aikata duka a bayan igwa, abin da ba a saba yi ba, har da mutanen ɗakin inji da baƙin hannayensu. Stamatis ya ce a ransa, ai shi ke nan, yaron nan ya tara masu kallo ne. Ya juya musu baya, ya naɗe igiya a hannu, ya kafa wa hasumiya ido har hawaye suka zo. Ƙararrawar tana can ciki bayan waya, ba abin da ake gani. Ya karkata kunnen hagu, bai ji komai ba sai ɗumin da ya saba ji.

Sai ƙarfen da yake tsaye a kai ya buga. Bugu ɗaya, mai nauyi, ya shigo ta tafin ƙafarsa ya haura har haƙora. Bai tsaya tambaya ba, ya ja igiya.

Igwa ta tashi, hayaƙi ya rufe gaban jirgi, masunta suka yi ta wurga huluna sama. Da ya waiwaya sai ya ga ma'aikata a ƙame, kowa ƙafarsa ta dama a inda ya buga ta, kowa yana kallon sama kamar bai san komai ba. Argiris yana ƙarshen layi, ya sa takalman fareti a ƙarƙashin rigar girki.

Bayan an sallami mutane Stamatis ya tare shi a ƙofar kicin.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me? Cewa kunnenka tulu ne?" Argiris ya goge hannu. "Mutumina, shekarar da aka ɗaure jaki na ce maka uwata ta rasu, ka yi dariya ka ce madalla."

Stamatis ya dafe kai. "Ubangiji ya yafe mini."

"Ita ma ba ta ji, da ta fahimce ka. Jiya da na ga tantabaru a tukunya na ruga wurin laftanan, na tarar ya riga ni. Shi ya ce da an ji ƙararrawa mu buga ƙafa gaba ɗaya. Ba ka lura kullum ta hagunka yake tsayawa ba?"

Daɗi ya kama Stamatis, kunya ta fi shi yawa. Ya zauna a kan buhun dankali. Igwar idi an rufa masa asiri, to ranar da za a yi ihu a ce kauce fa, ko a ce dakata, ga yaran mutane a bayansa? Ya miƙe, ya gyara hula, ya hau ɗakin tuƙi.

Kyaftin Vardis yana shan kofi, laftanan na gefensa. Stamatis ya ƙame.

"Ranka ya daɗe, ba na ji. Ya kamata a ba wani igwar. In sito ne, to, sito."

Kyaftin ya yi magana cikin gashin bakinsa, wanda ya rufe leɓen gaba ɗaya, Stamatis bai tsinci ko kalma ba. Laftanan ya matso ta hagu, ya ɗaga murya ya maimaita maganar dalla-dalla. Da bazara za a cire wa Gwaggo igwoginta, sai ta gaba kawai za a bari don idi. Za a mai da ita jirgin koyar da sababbin ɗauka. Ana neman wanda zai nuna musu yadda ake kwance ƙarfe a shafa mai a mayar, kuma wanda surutunsu ba zai haukata ba.

"Ban gane ba, ranka ya daɗe," in ji Stamatis, don zuciyarsa ta ƙi yarda. "Ni ina za a kai ni?"

Kyaftin ya ajiye kofi, ya kama shi a kafaɗa, ya sa baki a kunnen hagu, ya kwatsa muryar da har masunta a kwale-kwale suka ɗago kai.

"Ba inda za ka! Kana nan cikin jirginka!"

Stamatis ya ji, kowace kalma ta shiga tsaf. Amma sai ya sa hannu a bayan kunne.

"Me ka ce, ranka ya daɗe? Ƙara faɗa."