Kusar Hagu

Ranar Laraba ce, bayan azahar. Mero tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, sai ga Delu, yayar mijinta, ta shigo ba sallama. Delu mace ce mai baki, tun daga zaure ake jin muryarta, amma ranar nan ba ta ce uffan ba. Ta zo ta durƙusa, ta janye ƙwaryar daga gaban Mero, ta riƙe mata hannu biyu.

"Sai haƙuri, Mero. Allah ya yi wa Sanda cikawa. An same shi a gindin wani gawo a hanyar Agye, shi da kekensa."

Wata macen idan ta ji haka sai ta yi salati, ko ta yanke jiki ta faɗi. Mero kuwa, bayan shekara goma sha tara a ɗakin mutumin, abin da ya fara fita daga bakinta shi ne, "Yaya Delu, ina tabarau ɗinsa?"

Delu ta dube ta, ta ɗauka kai ne ya juya. Ta rungume ta tana cewa, "Yi salati, 'yar nan, yi salati." Mero ta yi. Amma har aka kawo shi, har aka kai shi makwancinsa, tambayar tana nan a ranta.

Sanda tela ne a kasuwar Gazawa. Shekara biyu kafin Faransawa su sauke tutarsu idonsa ya fara hazo, har sai ya yi ta lalube kafin zare ya shiga allura. Ya tafi Maraɗi ya dawo da tabarau mai baƙin baki. Da shi ya ɗinka ƙananan tutocin da 'yan lakol, wato yaran makaranta, suka riƙe ranar samun 'yancin kai, kuma kowa ya yaba yadda da'irar tsakiya ta fita tsaf. Tun daga nan tabarau ya zama kamar hancinsa. Ba ya cire shi sai zai yi wanka, ko alwala, ko barci.

A watan farko, hannun tabarau ɗaya ya fita, 'yar kusar da ke riƙe da shi ta faɗa cikin rairayin tsakar gida. Kusa ce da ba ta kai ƙwayar gero ba. Mero ta ɗauko rariyar gari ta tankaɗe rabin gidan kafin ta gan ta. Sanda ya mayar da ita, ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Mero ba ta kalli yadda ya mayar ba, don tana can tana kakkaɓe zane. Amma a ranta ta yanke cewa ba za ta sake tankaɗe ƙasa ba, kuma daga ranar kusoshin nan biyu sun zama aikinta.

Kullum da hantsi, idan ya ajiye tabarau bisa akwati ya shiga kewaye da ruwan wanka, sai ta lallaɓa ta ɗauko wuƙarta ta yankan kuɓewa, mai siririn tsini. Ta sa tsinin a tsagar kusar dama ta murɗa dama. Ta sa a ta hagu ta murɗa hagu. Ba wanda ya koya mata, ita ta zauna ta yi tunani da kanta: takalmin dama ba ya shiga ƙafar hagu, don haka kowane hannu da nasa ɓangaren. Ta dama da ƙyar take motsi. Ta hagu kuwa kullum sai ta karɓi murɗi cikin sauƙi, Mero ta girgiza kai ta ce a ranta, "Ka ji munafuka. Ba don ni ba da tuni kin gudu." Sai ta goge gilashin da bakin zane, ta mayar daidai inda ya ajiye, ta koma bakin murhu kamar ba ita ba.

Shekara biyar tana wannan. Ba ta taɓa faɗa masa ba. Tana so wata rana ya gane da kansa, ya san irin matar da Allah ya ba shi.

Ranar Lahadin da ta gabaci rasuwar, Sanda yana zaure da Barmo, abokinsa da suke rumfa ɗaya a kasuwa. Mero ta kawo musu fura, ta tsaya bayan zana tana gyaran ɗankwali, wato tana saurare. Sai ta ji Sanda ya ɗaga murya ya ce, "Barmo, ka ga tabarau ɗin nan? Aikin Faransa ke nan. Shekara biyar, kusa ko ɗaya ba ta taɓa sassautawa ba. Da kanta take riƙe kanta."

Barmo ya fashe da dariya har ya ƙware da fura.

Mero ta koma ciki ranta a dagule. Da kanta take riƙe kanta! To, bari ta riƙe a gani. Litinin ba ta taɓa wuƙa ba. Talata ma haka. Ranar Laraba ya fito daga wanka, ya ɗauki tabarau ya jujjuya shi a hannu, ya dube ta ta gefen ido.

"Mero, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, Malam."

"Kwana biyu ban ji motsinki a ɗaki da safe ba."

"Aiki ne ya yi mini yawa," ta ce, ba ta ko ɗaga kai ba.

Ya yi murmushi, ya ɗaure ƙunshin rigunan da zai kai wa wani mai biki a bayan keken hawa, ya fita. Ganinta da shi na ƙarshe ke nan.

Shi ya sa ta tambayi tabarau. A idon zuciyarta ta riga ta ga yadda abin ya faru, kamar tana wurin: kusar hagu ta fita, tabarau ya zame daga hanci, hanya ta yi masa duhu, keke ya kwasa ya haɗa shi da gawo. Mutane suna shigowa gaisuwa suna cewa kwana ne ya ƙare, tana amsawa da "haka ne", amma ita ta san wadda ta ƙarar da kwanan, tana nan zaune bisa tabarma da carbi a hannu. Abu ɗaya kawai take so, ta riƙe tabarau ɗin ta ga kusar da idonta.

Sai dai tabarau yana hancin Labo, ƙanen Sanda. Shi aka ba kayan da aka samu a jikin mamacin, kuma tun ranar sadakar uku ya maƙala shi yana karɓar gaisuwa, kai ka ce wani akawu ne daga buro, ofishin gwamnati. Idon Labo lafiyarsa lau, har gara ma ba tabarau, don da shi sau biyu yana tuntuɓe da buta. Mero tana cikin takaba, ba ta fita, ba ta kuma iya buɗe baki ta ce a ba ta. Sai ta koma leƙe ta kafar zana. Duk wanda ya gan ta zai ce matar mamaci ce take leƙen ƙanen miji tun ƙasa ba ta bushe ba. Ita kuwa kunnensa na hagu take dubawa, ko da zare aka ɗaure hannun. Nisa bai bar ta ta gani ba.

Abinci ya daina shiga. Ranar kwana na goma sha biyu Delu ta ajiye mata kwanon tuwo, ta zauna ta tare ƙofa.

"Ke, ni ma ɗan'uwana ne, ciki ɗaya. Amma ina ci. Me kike ɓoyewa?"

Mero ta fashe da kuka ta ce, "Yaya Delu, ni na kashe shi."

Delu ta yi salati. "Da me? Me kika sa masa?"

"Ban sa masa komai ba. Kusa ce ban murɗa ba."

Sai da ta maimaita labarin sau biyu kafin Delu ta kama kansa. Delu ba ta yi dariya ba, ba ta kuma lallashe ta ba. Ta tashi ta yafa mayafi ta fita. Ba a jima ba sai ga ta da tabarau a hannu, tana mita cewa dama Labo kwana uku ke nan yana kukan ciwon kai. Bayanta kuma Barmo ne, wanda ta ɗauko daga kan keken ɗinki da zare a wuya. Ya zauna daga waje bakin ƙofa, Mero tana ciki bayan asabari.

Ta karɓi tabarau. Ta buɗe hannun dama, daram. Ta buɗe na hagu, daram. Kusoshi biyu suna nan a zaune, gilashi ko tsagewa bai yi ba.

"Malam Barmo, kai ka gyara shi?"

"Ban taɓa shi ba, uwargida. Ni na je da jandarma muka ɗauko marigayi. A aljihun rigarsa muka sami tabarau ɗin, naɗe cikin ƙyalle. Akwai wani manomi da ya ga komai daga gonarsa. Ya ce marigayi sauka ya yi da ƙafarsa, ya jingina keke da gawo, ya cire tabarau ya naɗe, ya zauna yana dafe da ƙirji. Kafin mutumin ya iso da ruwa, rai ya yi halinsa. Keken ma yana nan a tsaye, ba abin da ya same shi."

Mero ta ninke tabarau. Wani abu mai nauyi ya sauka daga ƙirjinta, amma wani ƙarami ya taso a madadinsa, don Mero ba ta iya barin magana a rabi.

"To, ya aka yi ta hagu ba ta fita ba? Kwana uku ban murɗa ta ba. Ita fa kullum sai an murɗa."

Barmo ya yi gyaran murya. Ya sake yi. Delu ta ce, "Kai, ka haɗiyi allura ne? Faɗa mata."

"Uwargida, ki yafe mini, ya ce kada in faɗa. Ina kike murɗa ta hagu?"

"Hagu mana. Ina kuma?"

"To, ai duk kusa dama take ɗauruwa. Ta dama da ta hagu, duk dama. Hagu kwancewa ce."

Delu ta toshe baki da mayafi.

Barmo ya ci gaba, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce kullum idan Sanda ya iso rumfa, kafin ya taɓa ɗinki, sai ya ja aljihun keken ɗinki ya ɗauko ɗan turnabis, ƙarfen murɗa kusa da suke ɗaure allura da shi, ya mayar da kusar hagu inda take, yana cewa, "Makanikin gidana ya yi aikinsa, bari in yi nawa." Barmo ya sha ce masa ya gaya mata kawai a huta. Sai ya ce a'a, macen da ta tankaɗe masa rabin gida, ba zai hana ta wuƙarta ba. Maganar aikin Faransa kuwa tsokana ce, ƙafarta Sanda ya hango a ƙarƙashin zana, ya ƙifta wa Barmo ido.

"Ranar Talata ma," in ji Barmo, "ya ɗauko turnabis ya tarar ba abin ɗaurewa. Ya ce mini, 'Barmo, na ja wa kaina, makaniki ya yi yaji. Idan na dawo daga kai kayan nan, sai na san yadda zan ba da haƙuri ba tare da na tona kaina ba.'"

Delu ce ta fara. Dariyar ta kuɓuce mata ta hanci, ta yi ƙoƙarin mayar da ita tari, abin ya ƙi. Mero ta so ta yi fushi, ta duba ba ta ga wanda za ta yi da shi ba. Shekara biyar tana kwance wa bawan Allah tabarau kowace safiya tana jiran godiya, kuma kwana ukun da ta yi fushi su ne kawai ya taɓa fita daga gida da kusa ɗaurarriya. Sai ga matar mamaci a cikin takaba tana dariya tana hawaye, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ga ko aljanu ne. Da Barmo ya tafi, Mero ta jawo kwanon tuwon, ya huce, ta cinye shi tas.

Labo bai nemi tabarau ba. Washegari Barmo ya aiko mata da turnabis ɗin ta hannun Delu, ɗan ƙarfe ne da bai wuce tsawon yatsa ba, mariƙinsa ya yi sulɓi don riƙo.

Yanzu Mero ta tsufa, nata idon ma ya yi hazo. Ta taɓa gwada tabarau ɗin, ƙasa ta taso mata kamar za ta mare ta, ta cire. Yana nan bisa akwati cikin ƙyallensa. Kullum da hantsi takan ɗauko shi ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta lalubi tsagar kusar dama da turnabis ɗin ta murɗa. Idan ta zo kan ta hagu, har yau hannunta hagu yake fara nufa, sai ta tsaya ta ce, "Dama, Mero, dama." Kusar ba ta motsi. Ta goge gilashin da bakin zane, ta mayar inda yake ajiyewa.