Ƙwayar da Ba Ta Son Sanyi

Saƙon Japan ya iso da safiyar Laraba, layi biyu kacal cikin ladabi: abin da kika aiko ya iso a mace. Torika ta karanta, ta kifa wayar a kan tebur. Karo na biyu ke nan. Na Jamus ma haka ya ce mata watan jiya.

Shekara uku tana fama da wannan bakteriya a ɗakin gwaje-gwajensu na birnin Suva. A jikin inabin teku ta samo ta, tsiron nan mai 'ya'ya kore da matan ƙauyensu suke tsinkowa a ruwa mara zurfi. A faranti takan fito ɗigo-ɗigo ruwan lemo. Torika ta duba ta a madubin ƙara girma, ta ba ta sukari iri-iri ta ga wanda take ci, ta karanta ƙwayoyin gadonta ta gwada da na danginta. Babu irinta a cikin duk waɗanda aka sani. Sai dai masu wannan sana'a suna da ƙa'ida: ba a yarda da sabon suna sai an ajiye ƙwayar da ranta a ma'ajiya biyu, a ƙasa biyu. Matacciya ba ta samun suna.

Ga shi kuma ta gida ma tana ƙarewa. Duk lokacin da Torika ta ciro faranti daga firij ta sake shukawa, sai ɗigon ya ragu. Sau huɗu tana komawa ƙauye neman wata, ko alamarta ba ta gani ba. Faranti biyu suka rage.

Dakta Ronil, shugaban ɗakin, ya leƙo da kofin shayinsa.

"Ƙanƙarar ce ba ta isa ba," in ji shi. "Hanya da nisa. Wannan karon ki cika kular har baki."

"Na cika ta, ranka ya daɗe. Har sai da ta ƙi rufuwa."

"To ki nemo babbar kula."

Haka aka koya musu su duka, tun suna ɗalibai: abu mai rai, a kai shi sanyi. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Ranar Asabar ta gangara kasuwa, ranta a jagule. Gwaggonta Salanieta tana zaune inda ta saba, ta jera inabin teku tsibi-tsibi a kan ganyen ayaba, tana korar ƙuda da mafici. Ta ɗaure mata ƙunshi ɗaya da barkono da lemon tsami.

"Bari in kai firij, sai gobe in ci da madarar kwakwa," in ji Torika.

Gwaggo ta fizge ƙunshinta.

"Firij? Ke Torika! Duk karatun nan na me ne? Ku ji mini likitar teku!" Matan gefe suka kwashe da dariya. "Wa ya taɓa sa wannan a firij? Kafin gari ya waye ya saki ruwa ya zama majina. A ruwan ɗumi ya tashi, 'yar nan, ina ya san sanyi? Ki rufe shi da ganye ki ajiye a inuwa, ya yi miki kwana uku garau."

Torika ta tsaya baki buɗe. Kunya ta fara kama ta, sai murna ta biyo ta danne kunyar. Shekara uku da hannunta take kashe abin, tana kuka wai yana mutuwa! Ta rungumi gwaggo har maficin ya faɗi, ta tsallaka titi ta tari bas, inabin ma a nan ta bar shi.

Faranti ɗaya ta bari a ɗumi ta shuka daga gare shi. Kwana huɗu, sai ga ruwan lemo ya cika faranti shida tam. Ta haɗa kwali biyu, ta naɗe kwalaben da auduga, ta rubuta da jan biro: KADA A SA A SANYI.

Ronil ya zagaya kwalin sau biyu.

"Ba ƙanƙara ko ɗaya? Wallahi hannuna har ƙaiƙayi yake."

"Sa shi a aljihu, ranka ya daɗe."

Japan ce ta fara amsawa: ta tsiro. Bayan kwana tara Jamus ta aiko hoton faranti da lambar ajiya. Torika ta yi wani ihu da ya sa Ronil zubar da shayi a takalminsa, shi ma bai damu ba, tafi yake yi.

Da takardar bincikenta ta fito bayan wata bakwai, ta buga shafin farko ta kai kasuwa. Ta ɗora yatsa a kan sunan ƙwayar na Latin, kalma biyu, ta biyun Salanieta ce da ɗan ƙari a ƙarshe.

"Wannan fa?" in ji gwaggo.

"Sunanta ne. Duk wanda zai ambace ta, ko a wace ƙasa yake, sai ya kira ki."

Gwaggo ta goge hannu a zaninta, ta karɓi takardar da yatsa biyu kada ta jiƙa. Ta daɗe tana kallo, idonta ya kawo ruwa. Sai ta miƙe tsaye, ta ɗaga ta sama.

"Ku matso! Ku zo ku ga inda na shiga!"