Awa Biyu Zuwa Gusau

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Wai ga ni a wani tsibiri, ruwa gaba ruwa baya, ni da ko rafin garinmu ba na hayewa sai da rani. Aka miƙo mini wasiƙa a cikin ƙwarya. Daga Yaya Kulu ce, yayata da ta raine ni, wadda aka binne shekara huɗu da suka wuce ina can wajen aiki ban samu zuwa ba. Ta ce tana Gusau, tana jirana zuwa la'asar. Ko mamaki ban yi ba, takalmana kawai na shiga nema.

Sai ga ni a ofishin jirgin sama. Wata akuya mai tabarau ke sayar da tikiti, tana taunar gefen taswira.

Na ce, "Ranki ya daɗe, yaya nisan nan da Gusau?"

Ta ɗora kofato a kan taswirar ta auna. "Da safe awa biyu ne. Tun da ka shigo ya koma biyar."

"Subhanallahi! Garin ne ya matsa?"

"Hanyar ce ke miƙewa in mai kewa ya hau ta. Kai kuwa wa kake kewa haka, bawan Allah?"

Sai kawai ga mu a sama. Jirgin kamar motar kasuwa, mu huɗu a kujerar mutum uku, an ɗaure buhunan albasa a fiffike. Ruwan sama na tashi daga teku yana shigewa cikin gajimare. Wata mata mai kwandon kifi ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Haba malam, ka ji tsoron Allah! Mu duk mun bar tamu kewar a wajen awon kaya. Awa tara ke nan muna shawagi saboda kai."

Na yi ƙoƙarin rage kewar, wallahi na yi. Na tuno ranar da Yaya ta zane ni da muciya don na shanye mata nonon sayarwa. Sai kuma na tuna ita ce ta shafa mini man kaɗanya a baya, tana zagina tana kuka. Jirgi ya yi baya kamar an ja shi da igiya, fasinjoji suka ɗauki salati.

Can sai ga Gusau a ƙarƙashinmu. Ga tsakar gidanmu, ga Yaya tana shanya kuɓewa a tabarma, ɗankwalinta ya zame kamar kullum. Inuwar katanga ta kai bakin rijiya, la'asar ta gabato. Akuyar nan, ashe ita ke tuƙi, ta waiwayo.

"Ka manta da ita na minti ɗaya tak, mu sauka."

Na runtse ido, na cije leɓe. Ina! Na ce, "Ba zan iya ba."

Gidan ya fara ƙanƙancewa. Yaya ta ɗaga kai, ta kare rana da tafin hannu, muryarta ta zo mini kamar tana gefen kunnena.

"Auta, ka ci abinci kuwa?"

Na buɗe baki in amsa, in roƙe ta gafarar rashin zuwana. Sai na ji gur-gur, gur-gur. Maƙwabcina ne ke ta jan igiyar janareto, ya ƙi tashi.

Na zauna a bakin katifa, ɗakin ba kowa. Na ce, "Na ci, Yaya." Alhali ban ci ba.